Yadda za ku fita shan iska cikin gari da jariri hankali kwance

Da farko dai ku cire ran za ku zaga gari kamar lokacin da kuke ku biyu, wuri ɗaya ya isa, in ya yi yawa biyu. Ni na fi son lambun shaƙatawa mai bishiyoyi ko wani babban mol mai sanyi, inda akwai wurin zama da banɗaki kusa, don da jariri a hannu su za ku fi nema.

Lokacin fita kuwa jaririn ne zai tsara muku. Ki ba shi nono ya ƙoshi, a canza masa pampas, sai a kama hanya daidai lokacin da ya saba barci, kinga yana barcinsa ku kuma kuna hirarku. Da safe ko bayan rana ta yi sanyi ya fi, saboda yaron da bai kai wata 6 ba ba a so rana ta riƙa dukansa kai tsaye, inuwa da hula da kaya marasa nauyi kawai. Kuma don Allah kar a lulluɓe kekensa ruf da bargo wai don kare rana, wallahi zafi ne ke taruwa a ciki iska ba ta shiga. In kina so ki san ko zafi ya dame shi taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa, hannu da ƙafa suna yaudara.

Jaka kar ta zama akwatin tafiya. Pampas 4 ko 5, tishun goge jiki, kaya kala biyu, leda ta zuba masu datti, ɗan abin shimfiɗa na canza shi, sai riga ɗaya taki ke ma, don tumbuɗi ba ya sallama. In madara yake sha ki tafi da garin daban ruwan daban a filas ki haɗa a can, wadda aka haɗa ba ta wuce awa 2 a ajiye, in kuma ya riga ya sa baki a fidar to bayan awa 1 zubarwa ake. Mai shan nono zalla da bai kai wata 6 ba ba ya buƙatar ruwa ko ana zafi, ki yawaita ba shi nonon, ke ce za ki ta shan ruwan.

A mota kujerarsa ta jarirai a baya, tana kallon baya, kuma ko minti ɗaya kar a bar shi ciki shi kaɗai. In goyon gaba ne fuskarsa ta zama a buɗe kina gani, haɓarsa kar ta manne da ƙirji.

Baban ma ya karɓe shi ya ɗan zaga da shi ki samu ki ci abinci da hannu biyu. Da kun ga ya fara murza ido yana hamma yana kau da kai daga mutane toh ku tattara ku nufi gida tun kafin kukan ya ɓarke.