Yadda ake ɗaura wa mota ƙwaƙwalwa mai zaman kanta

Sau da yawa injin Beljiyam yakan iso ba birenbos ɗinsa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa injin, ko a ɗora injin Toyota a tsohuwar Fijo 505, birenbos ɗin asali ya ƙi tayar da shi don yana neman makullin da aka baro a Turai. A nan ake sayo ƙwaƙwalwa mai zaman kanta, irin Haltech, Link, MegaSquirt ko Speeduino mai sauƙin kuɗi, wadda kai ne za ka gaya mata yawan fetur da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Idan motarka ta zamani ce mai giya otomatik, wadda birki da dashbod da giya duk ke magana da birenbos ta wayar sadarwa da ake kira CAN, ka haƙura. Aikin ya fi dacewa da mota mai giyar hannu.

Fara da lafiyar injin. A gwada matsin kowace silinda, a tabbatar matsin famfon fetur na kai kusan bar 3, a auna nozul da mita. Mai om 12 ko kusa da haka ana haɗa shi kai tsaye. Mai om 2 zuwa 4 yana iya ƙona ƙwaƙwalwar in ba a sa masa rizisto ba, sai dai in ita an yi ta don irinsa. A mayar da tamostat ɗin da aka cire, domin injin da ba ya ɗaukar zafi a sanyin Jos kullum cikin shan ƙarin fetur yake. Ka nemi zanen wayoyin injin, ka kuma nemi rewaya mai iya karanta shi. Ko a Farin Gada, unguwar kanikawa a Jos, ba kowa ba ne.

Sai a cire kan batir na nagatif. A ɗaure ƙwaƙwalwar cikin mota, ƙarƙashin dashbod, nesa da zafi da ruwan wanki, a ratsa da wayoyin ta ramin da ke da roba. Wuta ta biyo ta rile da fiyus, famfon fetur da nasa daban. Babbar wayar at, wato ta nagatif, ta tafi jikin injin, amma at ɗin sensa ta koma ƙwaƙwalwa, kada a ɗaure ta a bodi. Murɗe waya da hannu a naɗe da tef ba ya aiki a nan. A matse kowace mahaɗa da filaya ta musamman.

Inda aikin yake shi ne sensar karanshaf. Ita ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda fistin yake, ta hanyar ƙirga haƙoran wani faifai mai giɓi. Wani 36-1 ne, wato haƙora 36 an cire ɗaya, wani 60-2 kamar na injinan Jamus da yawa, Toyota kuma ta fi amfani da 36-2. Ka ƙirga da idonka, kada ka ɗauki maganar mai sayar da injin. Sensar ma iri biyu ce, VR da Hall. VR tana da waya biyu na sigina, kuma in an juya su injin zai iya tashi amma tayimin ya riƙa zamewa. Hall tana buƙatar wutar kanta. Ko wacce iri ce, wayarta ta zama mai sulke, a kai sulken at ta gefe ɗaya kawai, a nesanta ta da koyil da wayoyin fulogi.

Sauran ba su da wuya: sensar MAP mai auna matsin iska da tiyonta daga manifol, ta zafin iska, ta zafin ruwa, ta totur. A salansa kuma a yi waldar mazaunin sensar iskar oksijin mai faɗin awo, irin Bosch LSU 4.9. In babu ita, saitin fetur duk canki-canka ne.

Kafin a tayar, cire fiyus ɗin famfo, haɗa kwamfuta, buɗe manhajar (TunerStudio ce ga MegaSquirt da Speeduino). Shigar da yawan silinda, girman injin, tsarin ba da wuta da ƙarfin nozul. Da safe, injin a sanyi, zafin ruwa da na iska su zo kusa da juna. A Jos, MAP za ta nuna matsin iska kusan kPa 88, ba 101 na bakin teku ba. Ba lalacewa ta yi ba, Jos na sama da teku da kimanin mita 1,200. Kulle tayimin a digiri 10, a buga sitata, a haska fuli da fitilar tayimin, a yi ta gyara lambar a manhaja har abin da ido ya gani ya dace da na allo. Wanda ya tsallake wannan, fistin zai biya.

Mayar da fiyus, duba yoyon fetur, tayar. Bari ya yi zafi kafin ka taɓa silo. A hanya mutum biyu ake so, ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da kwamfuta. A silo da tafiyar hankali ana neman iska kashi 14.7 ga fetur kashi 1. In an take totur har ƙasa, 12.5 zuwa 13 ga injin da ba tabo. Da ka ji ƙaras-ƙaras a injin, ɗaga ƙafa, rage tayimin.

Ga abin da ya shafe mu mutanen Jos. Injin da ba tabo ba ya wuce kusan kPa 88 a Jos, don haka layukan 90 zuwa 100 na teburin fetur da na tayimin da ke cikin manhajar ba wanda ya gwada su. Ranar da ka gangara Hawan Kibo ka nufi Abuja, iska ta yi kauri ga zafi, injin zai faɗa cikin layukan nan daidai lokacin da kake wuce tirela. Ka cika layukan tun a gida, fetur ya ɗan fi yawa, tayimin a rage digiri 2 ko 3, sannan ka tafi da kwamfutar ka ƙarasa saitin a hanyar Akwanga zuwa Keffi.