Yadda Ake Gwada Takardar Tambayoyin Cin Abinci Kafin a Yarda da Ita a Maraɗi

Takardar tambayoyin cin abinci ita ce wadda mai bincike ke riƙewa yana tambaya: a watan da ya wuce sau nawa ka sha fura, sau nawa ka ci nama? Tana da araha, shi ya sa ɗalibai da ma'aikatan yaƙi da tamowa ke sonta. Sai dai ƙarfinta bai wuce abin da mutum ya iya tunawa ba. Kafin a ɗora bincike a kanta, dole a auna ta da hanyar da ta fi ta inganci.

Fara da jerin abincin. Kada ka ɗauko wanda aka tsara a Faransa ko Amurka. Shiga gidaje a cikin birni da ƙauyukan Madarunfa, Gidan Rumji ko Tasawa, ka tambayi mata abin da aka ci jiya, daga kunun safe har tuwon dare. Abin da ya yi ta maimaituwa shi ne jerinka: fura, tuwon hatsi da miyar kuka, dambun zogale, ɗanwake, ƙosai, ƙuli-ƙuli, har da fara.

Awo shi ne wurin wahalar. Furar wannan gida ruwa ne tsululu, ta maƙwabta kuwa kauri gare ta, ga nono ga sukari, amma a takarda duk "fura" ce. Tafi da sikeli da ludayi manya da ƙanana. Ka ce, "Inna, da wane irin ludayi kike sha, guda nawa?" Ta nuna, ka cika, ka auna. Tuwo kuma ka ɗauki hoton malmala ƙarama, matsakaiciya da babba. Inda mutum biyar suka sa hannu a kwano ɗaya, auna kwanon kafin ci da bayansa, ka ƙirga lomar wanda kake bi.

Daga nan zaɓi mutum 100 zuwa 200, bayan izinin kwamitin ɗa'a mai tantance bincike kan mutane da yardar su mutanen. Fara cika takardar, sannan ka biyo da awon gaskiya, don awon yana sa mutum ya fara lura da cinsa. Hanya biyu ce: tambayar abincin awa 24 da suka wuce a ranaku daban-daban, ko auna abincin a gida. A ganina na biyun ya fi, tunda bai dogara da tunawa ba, ko da yake maigida kan sayo nama idan ya ga baƙo. Sa ranar kasuwa da Juma'a a ciki. Yi da kaka, ka sake yi tsakanin Yuni da Satumba lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Kauce wa azumi da sallar layya.

Bayan kamar wata guda sake cika takardar da mutanen nan, ka ga ko amsa ta tsaya.

Lissafin sinadarai kuwa, yi shi da jadawalin abincin Afirka ta Yamma na hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO), bugun 2019. Sannan kwatanta sakamakon takardar da na awon gaskiya. Ma'aunin dangantaka lamba ce da ke nuna yadda sakamakon biyu ke tafiya tare, 1 ita ce cikakkiyar tafiya tare; 0.5 zuwa 0.7 shi aka saba samu a takardu masu kyau, amma bai isa ba shi kaɗai. Zanen da masana ƙididdiga Bland da Altman suka bayyana a 1986 zai nuna maka ko takardar na nuna fiye da abin da aka ci ko ƙasa da shi. Idan da kuɗi, tara fitsarin awa 24 don tantance yawan furotin (sinadarin gina jiki) da gishirin da aka ci, ka tanadi ƙanƙara saboda zafin garin nan.

Takarda na iya cin jarrabawa a furotin ta faɗi a bitamin A. Idan haka ta faru, duba layin ganye, mangwaro da manja, inda ake samun bitamin ɗin, ka gyara, ka sake gwaji da wasu mutanen.