Yadda za ka koyi sifar Turanci "hard" ka kuma yi amfani da ita daidai

Kada ka haddace "hard" da ma'ana guda ɗaya. Sunan da take rakiya shi ke fayyace abin da ake nufi, saboda haka ka riƙa koyonsu tare: "hard stone" dutse ne mai tauri, "hard question" tambaya ce mai wuya, "hard worker" mutum ne mai ƙwazo, "hard times" kuwa lokacin tsanani ne.

In ka ci karo da ita a jimla ka rasa gane inda ta dosa, gwada kishiyarta. Idan "soft" ta zauna a gurbin, tauri ake nufi. Idan "easy" ce ta zauna, wuya ake nufi. Daga nan buɗe ƙamus ka nemi wurin da aka rubuta "adj." (taƙaitawar "adjective", wato sifa), ka kwafe misali ɗaya a ƙarƙashin kowace ma'ana, sannan ka gina jimloli 2 naka da kowacce. Ginawar ce ke sa kalma ta zauna a kai, karantawa kaɗai ba ta isa ba.

Gurbinta biyu ne: kafin suna, ko bayan aikatau irin su "is", "seem" da "feel". Ba ruwanta da jinsi ko jam'i. Mu mukan ce ƙarami, ƙarama, ƙanana, amma ita ba ta sauya kama, don haka "hards questions" kuskure ne. Wajen kwatanci, tunda gaɓa ɗaya gare ta, "harder" da "hardest" ake cewa. "More harder" ninki ne marar amfani.

Kula da ƙaramar kalmar da ke biye mata. "Hard for me" na nufin abin ya yi mini wuya, "hard on me" kuma an tsananta mini.

Babban tarkon shi ne "hardly". Mai koyo ya saba ganin ana ƙara "ly" a mai da sifa bayanau, wato kalmar da ke nuna yadda ake yin aiki, sai ya ɗauka haka ake yi a nan. To, bayanau na "hard" ita ce "hard" ɗin da kanta. "Hardly" tana nufin da kyar, ko kusan babu. "He works hard" yabo ne, mutumin yana aiki tuƙuru. "He hardly works" suka ce, wato ba ya taɓuka komai. Duk wanda zai rubuta wa wani takardar shaida ta neman aiki, ya duba wannan wuri da kyau kafin ya sa hannu.