Ga masu kai iyaye Umra: ku lura da lokaci

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Makka da Jidda. Idan Baba ko Hajiya sun zo Umra, kada ku tashe su daga barci ku nufi Harami nan take. Gab da asuba zafin jikin mutum yake sauka ƙasa sosai, gaɓoɓi sun yi tauri, ga magagin barci. Dattijo kuma idan ya miƙe da gaggawa, jini kan yi jinkirin kaiwa kai, sai jiri ya kwashe shi. Ku bar su su zauna bakin gado minti 2, su motsa ƙafafu, su sha ruwa, sannan su tashi.

Ƙarfin jiki ya fi cika daga bayan la'asar zuwa magariba. Ni a ganina ɗawafi da sa'ayi sun fi musu sauƙi a lokacin, don sa'ayi kaɗai ya kai wajen kilomita 3. Cunkoso ne matsalar, amma hawa na sama ya fi sarari, ko da yake zagayen ya fi tsawo.

Tsakar rana lokacin zafi kam, a haƙura. Kuma ku riƙe hannunsu kusa da wuraren shan Zamzam, daɓen wurin yana da santsi idan ya jiƙe.