Yadda ake nazarin jigon ɗa'a a adabin Ingila na zamanin Darwin

Ɗalibin adabi da aka ce ya haɗa wani tsohon labarin Turanci da ra'in juyin halitta, wato bayanin Darwin na yadda halittu ke sauyawa a tsawon zamani, abu na farko da zai yi shi ne ya ɗauki takarda ya jera shekaru. Yawancin rubuce-rubucen da ke lalacewa, a nan suke lalacewa. A rubuta 1798, shekarar da Thomas Malthus ya ce yawan jama'a kan zarce abinci. A rubuta 1834, lokacin da Ingila ta sauya dokar matalauta ta tura su gidajen aikin wahala. Sai 1859, fitowar On the Origin of Species na Charles Darwin, da 1864 da Herbert Spencer ya ƙirƙiro kalmar nan ta wanzuwar wanda ya fi dacewa, wadda Darwin bai saka a wancan littafi nasa ba sai a bugu na biyar a 1869. Daga nan 1871, littafin Darwin kan asalin ɗan Adam. 1883, Francis Galton da tunaninsa na tace zuriya, wato zaɓen waɗanda za su haihu don a gyara irin ɗan Adam. 1893, laccar masanin kimiyya Thomas Huxley a Oxford kan juyin halitta da ɗa'a. A ƙarshe a saka shekarar littafin da ake nazari a tsakaninsu, a ga inda ta faɗa.

Amfanin wannan jeri yana bayyana da A Christmas Carol na Charles Dickens. Tauraron labarin, Scrooge, ya ce wa masu neman taimako idan matalauta sun fi son mutuwa, to su mutu a rage cunkoso. Ɗalibai da yawa kan yi caraf su ce ga tasirin Darwin. Amma labarin ya fito a 1843, shekara 16 kafin littafin Darwin. Bakin Malthus Scrooge ya ara. Abin da ya dace a rubuta shi ne, Dickens da Darwin duk sun sha a rijiya ɗaya, domin Darwin ma ya karanta Malthus a 1838, sai dai Dickens ya mai da abin da ya ɗebo zargi a kan masu hali, Darwin kuwa ya yi bayanin tsirrai da dabbobi da shi.

Bayan shekaru, a zaɓi littafi ɗaya, kuma gajere. Ga mai farawa, The Time Machine na H. G. Wells, na 1895, ya fi kowane sauƙi: ana gama shi a zama biyu, kuma alaƙarsa da kimiyya ba zato ba ce, tun da Wells ɗalibin Huxley ne a Landan. A karanta shi sau biyu. Karatun farko ba alƙalami. A na biyu a yi alama iri uku a gefen shafi: inda aka kamanta mutum da dabba, inda wani ya yi bayanin dalilin da ya sa al'umma take yadda take, da inda wani ya zaɓi ya taimaka ko ya ƙi. Alama ta uku ita ce mazaunin jigon ɗa'a, kuma ita aka fi mantawa da ita, don ba ta da ƙamshin kimiyya.

Ga yadda abin ke aiki. Matafiyin labarin ya hau na'urar ratsa zamani ya isa shekara ta 802,701 ya tarar ɗan Adam ya rabu gida biyu: Eloi, kyawawa marasa ƙarfi a doron ƙasa, da Morlock masu zama a ƙarƙashinta suna kula da injuna. Da farko ya ɗauka ya iso duniyar da aka gama da wahala. Daga baya ya ce ai masu kuɗi ne da leburorinsu tazara ta raba. Can sai ya gane Morlock kiwon Eloi suke yi suna ci. Wanda ya ɗauko bayanin farko ya ce wannan ne ra'ayin Wells ya faɗa rami, don matafiyin da kansa ya warware maganarsa. Dole kullum a tambaya: wa ke magana, a wane shafi, kuma labarin ya gaskata shi daga baya ko ya ƙaryata shi? Sannan a duba zaɓi. Wata Eloi mai suna Weena tana nutsewa a kogi, 'yan'uwanta na kallo ba wanda ya motsa, matafiyin ne ya ceto ta. Shi ɗin ne kuma daga baya ya riƙe ƙarfe yana ɗokin fasa kawunan Morlock, alhali ya san su ma jikokin mutum ne. Waɗannan wurare biyu sun isa a gina maƙala a kansu: tausayinsa ya tsaya a kan masu kyawun fuska, kuma marubucin ya bar mu mu lura da haka.

Sai karatun ɓangaren kimiyya, kuma kada a dogara da abin da aka ji a bakin mutane. Babi na 3 da na 4 na littafin 1859 sun wadatar, tare da laccar Huxley. Abin da za a riƙe shi ne, a wajen Darwin wanda ke wanzuwa shi ne wanda ya dace da muhallinsa har ya bar zuriya, ba lallai mai ƙarfi ba, balle mutumin kirki. Masu cewa tun da haka halitta take, to a bar talaka ya mutu, sun yi tsalle daga bayanin yadda abu yake zuwa hukuncin yadda ya kamata ya kasance. Huxley ya ƙi wannan tsalle. Ya ce ci gaban ɗa'a yana cikin yaƙar gwagwarmayar neman wanzuwa ne, ba kwaikwayonta ba. Darwin kansa a littafin 1871 ya nuna damuwa cewa al'ummomin zamani na raya raunana, amma a wuri guda ya ce hana su taimako zai ɓata mafi darajar ɓangaren halinmu. A kawo maganganun biyu tare, don ɗauko ɗaya a bar ɗaya rashin adalci ne ga mai karatu. Kuma ba sai ɗalibi ya yi imani da ra'in ba kafin ya nazarce shi. Aikinsa ya nuna abin da marubucin ya fahimta da abin da ya yi da shi.

Wani kuskuren shi ne a bar kimiyya ta wanke tauraro daga laifi. A labarin Jekyll da Hyde na Robert Louis Stevenson, na 1886, inda likita Jekyll ke shan wani magani ya rikiɗa ya zama mugu Hyde, an siffanta Hyde da fushin biri sa'ad da ya kashe wani dattijo da sanda, don haka da sauƙi a ce dabbar da ke cikin mutum ce ta farka. Amma a babi na ƙarshe Jekyll ya amsa cewa tun kafin ya haɗa maganin yana ɓoye sha'awoyinsa don kare mutunci, kuma da saninsa ya riƙa sha. Maƙalar da ta tsaya a kan biri ta bar munafuncin likita ta rasa rabin littafin.

Wajen rubutu, a maƙala mai kalma 2,000 kada tarihin kimiyya ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Wurare uku ko huɗu daga labarin sun isa, kowane da lambar shafi. A guji laƙaba wa marubutan nan sunan masu Darwiniyancin zamantakewa, wato masu ɗora ra'in Darwin a kan al'umma, kamar su suka kira kansu haka. Sunan bai yaɗu sosai ba sai bayan littafin Richard Hofstadter na 1944, kuma galibi masu suka ne ke amfani da shi. Idan kuma za a ce marubuci ya karanta wani masani, a nemo hujja a wasiƙunsa ko tarihin rayuwarsa. In ba a samu ba, a ce ra'ayin yana yawo a lokacinsa, a nuna shekarar, a tsaya nan.