Yadda marubuci zai ci moriyar bakin teku

In kana son rubutu ya zo maka a bakin teku to ka daina zuwa lokacin hayaniya, je da asuba sanda masunta ke tura kwalekwale cikin ruwa ka zauna kawai ka kasa kunne. Lura da ruwan, a yawancin gaɓar teku sau 2 yake cikowa ya janye a rana, wata ne ke jansa, kuma in ya janye zaka ga abinda ya bari, guntun raga, warin takalmi, kowanne labari ne wallahi. Da rana iska daga teku take busowa, da dare ta juya, saka wannan a rubutunka. Riƙe fensir, danshi na ɓata tawadar biro.