Burbushin roba a hanjin kifi: inda masu bincike ke tuntuɓe

Wanda ya ga yadda kogin Odaw ke kwararo ledar piya wata zuwa tafkin Korle a Accra ba zai yi mamaki ba in an ce kifin Accra na haɗiyar roba. Nan haɗarin yake: ɗalibi kan shiga ɗakin gwaji da amsarsa a aljihu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ƙirga abin da shi ya kawo. Burbushin roba bai wuce milimita 5 ba, galibinsa siririn zare. Rigar ƙwallon da ke jikinka tana zubar da irinsa, fanka kuma na watsawa. Ka sayo kifi a Tema cikin baƙar leda, ka feɗe a faranti na roba, to zaren wa ka ƙirga? Sa rigar auduga, yi aiki da gilashi ko ƙarfe, tace ruwa, ka kuma tace KOH, sinadarin da ke narkar da nama, kafin ka narkar da hanjin da shi. Sannan ka ware kwano wanda babu kifi ciki, ya bi kowane mataki. Abin da ya faɗa masa ka cire daga lissafi.

Ido ma yana ruɗi. In babu na'urar FTIR, mai tantance ko zare na roba ne, gwada da allura mai zafi: roba takan lanƙwashe ko ta narke, auduga ba ta yi. Amma ka rubuta a rahotonka cewa da allura ka gwada.

Masu gwajin ciyar da kifi roba kuwa sukan zuba robar da babu kogin da ke da yawanta, kifi ya mutu, su ce ga hujja. Kuma karfasa 30 a tanki guda, wurin lissafi ɗaya ce. Ƙara tankuna.

Mafi muni, rashin ainihin bayanai. A 2016 mujallar Science ta buga aikin masu bincike biyu na Jami'ar Uppsala a Suwidin, cewa 'ya'yan kifi sun fi son cin roba a kan abincinsu. Abokan aikin da suka zauna tashar bincike ɗaya da su a tsibirin Gotland suka ce ba su ga an yi gwajin yadda aka rubuta ba. Da aka nemi bayanai, sai aka ce an sace kwamfutar. An janye takardar a 2017. Don haka kowace rana ka ɗauki hoton littafin aikinka da kwanan wata, ka tura wa malamin da ke duba ka kafin ka bar ɗakin.